Afdet ya ƙi shiga laftof ɗina, in kashe shi ne ko in kai a yi mata fomat?

Wa alaikumus salam malam. Na karanta bayaninka, ka ce laftof ɗinka HP ce ta hannu, kullum sai ta cinye maka data tana sauke afdet na Windows, in ta yi ristat ta kai wajen kashi 30 sai ta rubuto "We couldn't complete the updates, undoing changes" ta koma gidan jiya, bayan kwana biyu kuma ta sake farowa. Abokinka ya ce ka kashe afdet ɗin gaba ɗaya ka huta, wani mai gyara kuma ya ce ba ta da magani sai fomat. Toh gaskiya duk biyun ban goyi baya ba, kuma wannan aikin shi ne sana'ata a nan Kano, irin naka kusan kullum sai an kawo min, mafi yawansu suna gyaruwa ba tare da an goge ko hoto ɗaya ba.

Bari in fara da maganar kashewa don ita ta fi damuna. Kamfanin Microsoft yana sakin afdet na tsaro ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, tun 2003 haka suke yi, a agogonmu wajen magariba yake fitowa. Abin da ke cikinsa yawanci toshe ɓaraka ne da aka gano a jikin Windows, wadda ɓarayin intanet za su iya bi ta ciki su shigo maka. Kuma da zarar an saki gyaran su ma ɓarayin sun san inda ɓarakar take, sai su bazama neman waɗanda ba su toshe ba. A ranar 12 ga Mayu 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ta kulle fayilolin mutane ta ce sai an biya dala 300 da bitcoin, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka dinga mayar da marasa lafiya gida. Alhali maganin wannan ɓarakar an sake shi tun 14 ga Maris na shekarar, kusan wata biyu kafin nan, waɗanda ta kama ba su saka ba ne kawai. Kai da kake shiga banki da imel ɗinka a laftof ɗin nan, kake cusa fulash ɗin kowa da kowa, dan Allah kar ka kashe.

Shi kuma fomat ba wai ba ya aiki ba ne, amma shi ne na ƙarshe. In dalilin matsalar had dis ne da ke mutuwa ko batir ko agogo, ko sau goma aka yi fomat za ta dawo. Sannan sau da yawa Windows ɗin da za a sake ɗora maka daga fulash ɗin shago shi ne ma asalin ciwon, zan zo kan wannan.

Shi wannan "undoing changes" ɗin da ke tsorata ka ba lalacewa ba ce, kariya ce. Afdet mataki biyu ne, akwai saukewa wanda yake yi kana cikin aikinka, akwai kuma lokacin ristat da yake cire tsofaffin fayilolin Windows yana saka sababbi, shi ya sa a kashi 30 ɗin nan take mutuwa ta sake tashi. In fayil ɗaya ya ƙi zama sai Windows ya mayar da komai yadda yake don kar ka rasa kwamfutar gaba ɗaya. Abin nema shi ne me ya hana shi zama, kuma ita da kanta ta rubuta dalilin. Ka shiga Settings, Windows Update, ka buɗe Update history, zaka ga wanda ya gaza da lamba mai farawa da KB, da wata kuma mai farawa da 0x. Ka rubuta su a takarda. Sannan ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta winver, zai nuna maka ko Windows 10 ne ko 11 da kuma wane zubi ne. Ba ka faɗa min waɗannan ba, da ka faɗa da amsar ta fi haka gajarta.

Kafin ka taɓa komai ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa fulash ko had dis na waje. Yau, ba gobe ba.

Yanzu wuta. Ni a ganina rabin matsalar afdet a garin nan daga nan take. Laftof ɗin hannu yawanci batirinta ya gaji, wata ma ana zare caja take mutuwa, sai mutum ya danna Update and restart da yamma, ana tsakiyar aiki a ɗauke wuta. Wannan daidai yake da kafinta ya yaye tsohon kwanon ɗaki bai gama buga sabo ba ruwa ya kece. Wani lokaci Windows yana iya ceto kansa, wani lokaci kuma fayilolin su lalace rabi da rabi, daga ranar duk afdet ɗin da ya zo sai ya ƙi shiga don tushen da zai hau kai ya tsage. Saboda haka kar ka yi ristat na afdet sai kana da tabbacin wutar awa biyu aƙalla, ko inbata ko sola ko inji mai isasshen mai, in kwamfutar tebur ce ka nema mata UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke. Kuma in kaga ta tsaya a wani kaso ta daɗe kar ka yi saurin danne maɓallin kashewa, tsohuwar laftof mai had dis na faifai tana iya shafe awa biyu ko uku, in fitilar dis ɗin tana ƙiftawa toh aiki take yi. Zafi ma haka, daga Maris zuwa Mayu da garin ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun watannin baya, afdet kuma yana sa furosesa aiki sosai, sai laftof ta kashe kanta don kar ta ƙone. Ka ɗora ta a kan tebur ba kan katifa ko darduma ba, in fankar tana kuka ka kai a buɗe a busa mata iska.

Sai wuri. In lambar da ka gani 0x80070070 ce, dis ɗinka ne ya cika. Ka bar aƙalla giga 20 a C, ka buɗe Disk Cleanup ka danna Clean up system files ka zaɓi Windows Update Cleanup, finafinai da karatuttukan da ka tara a Downloads ka mayar da su waje. Ƙananan laftof ɗin ɗalibai masu giga 32 kam kullum cikin wannan wahalar suke.

Akwai wani ƙaramin abu da mutane ba sa kawowa a rai, agogo. Dubi kwanan wata a ƙasan sikirin. In ka ga yana nuna wata shekara can baya, ɗan batirin da ke kan allon ciki ne ya mutu, irin mai kama da kwabo ɗin nan CR2032, kuma in kwanan wata ba daidai ba ne kwamfutarka ba za ta yarda da shaidar tsaron sabar Microsoft ba, sai ta ba ka 0x80072F8F. Gyara lokaci, ka sa yankin ya zama West Central Africa, ka canza batirin, shikenan.

Maganar data kuma na san ita ta fi ci maka rai. Akwai hanyar da za ka riƙe linzamin ba tare da ka kashe afdet ba. Ka shiga bayanin wayifai ɗin da kake amfani da shi ka kunna Metered connection, daga nan Windows ba zai dinga sauke manyan abubuwa da kansa ba sai ka ba shi izini. Sai ka ware rana ɗaya a wata, ka sayi datar dare mai sauƙi ko ka je inda netwok yake da ƙarfi, ka kashe metered ɗin ka yi afdet ka mayar. Ana kuma iya dakatar da shi har kwana 35, ni kaina ina ba masu shagon buga takardu shawara su jinkirta kamar sati ɗaya bayan Talatar nan, don ba ƙarya ba ne wani lokaci afdet ɗin kansa yana zuwa da matsala, a Oktoban 2018 sai da Microsoft suka janye zubin 1809 saboda ya goge wa wasu fayiloli. Jinkirin sati daban, kashewa har abada daban. In kuma kuna da kwamfutoci da yawa a rauta ɗaya kamar masu kafe ko cibiyar CBT, ku kunna Delivery Optimization ku zaɓi na local network kawai, ɗaya ta sauke sauran su ɗauka daga wajenta. Netwok mai yankewa shi ma yana lalata fayil a hanya, in ka ga 0x80072EE2 lokaci ne ya ƙare ba ta samu amsa ba, canza layi ko wuri, in kana da VPN kashe shi.

Toh yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa, kuma tunda laftof ɗinka ta hannu ce ina kyautata zaton nan matsalar take. Da yawa daga cikin na'urorin da ake sayarwa an ɗora musu Windows ne da wani can ya yi wa aski, ya cire wasu sassa wai don ya yi sauri, ya kashe afdet da Defender, antibairos ɗin Windows, don kar su kama kirak ɗin da aka saka, wato lasisin bogi. Irin wannan in afdet ya zo yana neman fayil ɗin da aka cire ba zai same shi ba, sai ya koma. Ka danna Windows da R ka rubuta services.msc, ka nemo Windows Update da Background Intelligent Transfer Service, in ka ga an rubuta Disabled mayar da su Manual, shi kuma Cryptographic Services ya zama Automatic. Lambar 0x80070422 abin da take nufi kenan. Wani abin kuma, yawancin EliteBook da Latitude da ThinkPad ɗin da ke shigo mana kayan ofisoshin Turai da Amurka ne, in ba a sake musu Windows mai tsabta ba zaka ga rubutu a shafin afdet cewa wasu saituna organization ne ke kula da su, wato kwamfutar tana neman afdet ne daga sabar wani kamfani da ba za ta taɓa samu ba daga Kano. Abin takaicin shi ne irin waɗannan laftof ɗin tun zamanin Windows 8 lasisinsu na asali yana cikin allonsu, in aka ɗora Windows na gaskiya daidai da zubin lasisin da kansa yake kunnuwa in ta hau intanet, ba a buƙatar kirak ko kaɗan. Kuma ko Windows ba a kunna lasisinsa ba yana karɓar afdet.

In duk waɗannan lafiya lau ne sai mu shiga gyaran ciki. Ka fara gwada troubleshooter na Windows Update da ke Settings, ba kullum yake aiki ba amma minti biyar ne. In bai yi ba, ka nemo Command Prompt ka danna masa dama ka zaɓi Run as administrator, ka rubuta wannan ka danna Enter, kana kan intanet:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Wannan yana duba rumbun da Windows ke ajiye asalin fayilolinsa, duk wanda ya lalace ya sauko da mai kyau ya maye gurbinsa. Shi ne maganin 0x80073712 da sau da yawa 0x800f081f. Zai tsaya wajen kashi 62 kamar ya daskare, ƙyale shi, ka je ka yi sallah ka dawo. In ya gama sai ka rubuta:

sfc /scannow

A wannan jerin ake yi, DISM kafin sfc, saboda sfc daga wancan rumbun yake ɗebo abin gyara, in rumbun ne da kansa ya lalace me zai ɗebo. Bayan nan sai ka share abin da aka sauke rabi da rabi, layi ɗaya bayan ɗaya:

net stop wuauserv
net stop bits
net stop cryptsvc
ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old
ren C:\Windows\System32\catroot2 catroot2.old

Ka yi ristat, Windows zai ƙirƙiri sababbin foldojin da kansa. Ba ya taɓa fayilolinka, sai dai ka sani zai sake sauke afdet ɗin daga farko, don haka ka tanadi data. In ya ce folda tana cikin amfani, yi ristat ka sake gwadawa nan take.

In har yanzu wannan KB ɗin ya ƙi, akwai shafin Microsoft Update Catalog, ka rubuta lambar KB ɗin ka sauke wanda ya dace da zubinka, yawanci x64, ka danna shi sau biyu kamar kowace manhaja. Ina son wannan hanyar sosai don sau ɗaya zaka sauke ka sa a fulash ka yi wa kwamfuta goma. In ka ga fayil biyu a na Windows 11 sauke duka ka ajiye su folda ɗaya. Lokacin sakawa ka zare firinta da modem da had dis na waje, in akwai wani antibairos na kyauta da aka cusa maka ka cire shi tukuna, musamman in lambar ta fara da 0xC1900101, wannan rigimar direbobi ce, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da na'urori. Wata kuma da ta tayar wa mutane hankali a Janairun 2024 ita ce 0x80070643 a kan KB5034441, ɗan ɓangaren dis na farfaɗowa ne ya yi ƙanƙanta, ba ta hana sauran afdet shiga, kar ka je kana yanka dis da kanka saboda ita.

Amma fa in DISM da sfc suna gyarawa yau gobe ya sake lalacewa, ko laftof ɗin tana nauyi tana ƙaras-ƙaras, ka sauke CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar dis, kyauta ne. In ya nuna Caution ko Bad ka daina wahalar da kanka, dis ɗin ne ke tafiya, ka je Beirut Road ko Farm Centre ka sayi SSD, dis marar faifai, a gwada maka lafiyarsa a gabanka kafin ka biya.

Mataki na kusa da ƙarshe wanda masu cewa fomat ba sa gaya wa mutane shi ne sake ɗora Windows a kan kansa. Ka sauke ISO, wato fayil ɗin ɗora Windows, daga shafin Microsoft kai tsaye ba daga wani wuri ba, ka danna shi sau biyu, ka buɗe setup.exe daga cikin Windows ɗin da ke aiki, ka zaɓi Keep personal files and apps. Zai sabunta duk fayilolin tsarin ya bar maka Office da CorelDraw da takardunka yadda suke. In ka ga zaɓin ya ƙi dannuwa yawanci yare ne bai zo ɗaya ba, naka Turancin Amurka ne ka sauke English International ko akasin haka. A Windows 11 ma sun sauƙaƙa, Settings, System, Recovery, akwai Fix problems using Windows Update. Sai in wannan ya gaza, ko ka tabbatar Windows ɗin mai aski ne, sannan a yi fomat, shi ma da ISO na asali a fulash mai giga 8.

Idan Allah ya sa wata rana ta ƙi tashi gaba ɗaya bayan afdet, ka kunna ta, tana nuna tambari ka danne maɓallin wuta ta mutu, ka maimaita, a karo na uku za ta shiga shuɗin shafin gyara. Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates, ka cire na ƙarshe. In babban zubi ne ya shiga kana da kwana 10 ka koma na baya, muddin ba ka goge foldar Windows.old ba. A nan ne wasu ke haɗuwa da BitLocker, makullin dis na Windows, yana neman lamba mai alƙaluma 48, wadda take ajiye a asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. In asusun mai shago ne ko na tsohon mai ita kuma ba ka same shi ba, wallahi ba wanda zai iya buɗe maka fayilolin nan, na ga masu kuka a kan furojet ɗinsu na makaranta saboda wannan. Tun tana lafiya ka duba ko dis ɗinka a kulle yake, ka kwafe lambar a takarda ka adana.

Sannan in winver ya nuna maka Windows 10 ne, akwai maganar da ta fi duk wannan girma. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft suka daina ba shi afdet na kyauta da aka saba, 22H2 shi ne zubinsa na ƙarshe. Sun buɗe wani shiri mai suna ESU da ke ba da na tsaro kaɗai zuwa 13 ga Oktoba 2026, sai kana kan 22H2 da lasisi na gaskiya da asusun Microsoft. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka rufe babinsa, 8.1 a Janairun 2023, amma har yau ina ganin su a ofisoshi ana shiga intanet da su. Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfutar, da ram giga 4 da dis giga 64, furosesa kuma in Intel ce daga ƙarni na 8 zuwa sama. Ka dubi lambar, i5-8250U ƙarni na 8 ce ta wuce, i5-6300U da ke cikin EliteBook 840 G3 ƙarni na 6 ce ba ta cika sharaɗi ba. Ana iya tsallake sharaɗin ta hanyar Rufus, manhajar haɗa fulash ɗin Windows, kuma yana aiki, amma Microsoft sun ce ba su yi alkawarin afdet ga irin wannan ba, kuma kowane zubi na Home da Pro wata 24 yake yi, sabon ba zai zo maka da kansa ba sai ka ɗora da hannu. In aikinka rubutu ne da intanet da kallo, Linux Mint, wani tsari ne da ake ɗorawa a madadin Windows, yana tafiya lafiya a tsofaffin nan kuma kyauta ne, amma mai aikin CorelDraw ba zai ji daɗinsa ba, shi gara ya fara tara kuɗin wata laftof ɗin.

Ka fara da agogo da wurin dis da services.msc yau, waɗannan ba sa cin data. In ka yi DISM ɗin bai shiga ba, turo min hoton winver da lambar KB da ta 0x da abin da CrystalDiskInfo ya nuna, in sha Allahu zan gaya maka takamaimai wanne ne a ciki.